Akwati Mai Yatsu

Litinin, 3 ga Maris

Kwamfutar da ɗiyata Auta ta aiko ta iso. Ta ce tunda ciwon nan ya hana hannun dama riƙe zarto, in koyi zana aiki a allo, inji ya yanka min. Ni da na tsufa a aikin kafinta, yau an koma koya min jan layi. Ta waya take nuna min: Baba danna nan, a'a, ba nan ba. Tana dariya, ni ma na yi. Da ta kashe wayar sai ɗakin ya yi min faɗi.

Rubutun nan ma da hagu nake yin sa. Kamar kaza ta bi ta kan takarda.

Alhamis, 6 ga Maris

Na yanke abin da zan fara da shi: akwatin zare da allurai na marigayiya matata. Suna nan cikin leda a kan keken ɗinkinta, ledar har ta fara yagewa.

Ba ƙusa. Haɗin yatsu zan yi. Bakin kowane fallen katako a tsattsaga shi, yatsa da gurbi, yatsa da gurbi, su shiga juna kamar mutum ya sarƙe hannuwansa. Na gwada sarƙe nawa don in ga yadda kusurwa za ta zauna. Bai yiwu ba.

Asabar, 8 ga Maris

Wuni guda a kan bango ɗaya. A manhajar ana zana yatsa ɗaya, a kwafa, a jera. Abin da da nake yi da fensir a bayan kunne. Linzamin kwamfutar yana zille min, hagu bai san ladabi ba tukuna.

Ban yi magana da kowa ba yau sai mai kawo ruwa.

Talata, 11 ga Maris

Na kai zanen shagon da ke da injin leza, bayan tashar mota. Wuri ne ƙarami, warin ƙonannen katako ya cika shi. Mai injin mutum ne marar yawan magana, furfura ta fara masa. Ya sa zanen, ya rufe murfi, wani ɗan haske ya bi layina yana hayaƙi. Kafin in gyara tsayuwa an gama. Aikin da zai ci min kwana biyu.

A gida na harhaɗa. Yatsun suna rawa a gurabensu. Na ɗaga akwatin, ya watse a kan tabarma.

Juma'a, 14 ga Maris

Na koma. Mai injin ya juya fallen a hannu ya ce hasken ma yana da kauri, yana cin katako kaɗan a duk inda ya bi, kamar yadda bakin zarto ke ci. Sai an ƙara wa yatsa ɗan abin da za a cinye. Abin da na sani tun ina yaron shago! Ban taɓa zaton haske na da baki ba.

Ya kuma auna katakon. An ce kaurinsa milimita uku ne, ashe bai cika ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Auta ta sake tayar da maganar. In rufe gidan in koma wurinsu, akwai ɗaki, yara za su ji daɗi. Mijinta ma ya karɓi wayar ya gaishe ni da ladabi, ya ce gidansu gidana ne. Na ce sai na gama akwati.

"Baba, akwati ne zai tashe ka in ka faɗi a banɗaki?"

Na juya ina kallon keken ɗinkin uwarta. Can sai ta ce in yafe mata.

Laraba, 19 ga Maris

Na gyara, na ƙara wa kowane yatsa kauri, aka sake yankawa. Wannan karon sun ƙi shiga. A shagon nake, mutane biyu na jiran aikinsu. Maimakon in haƙura sai na ɗauki ƙaramar guduma da hagu. Bugu ɗaya, yatsu suka kakkarye, fallen ya tsage har tsakiya. Hannun dama ya kama rawa a gaban kowa. Wata mata ta ce sannu Baba, da irin muryar da ake yi wa marar lafiya.

Na tattara gutsattsarin a aljihu na fito. Ko sallama ban yi ba.

Asabar, 22 ga Maris

Ban buɗe kwamfutar ba.

Litinin, 24 ga Maris

Na leƙa tsohon shagona na ƙofar gida. Ƙura a kan teburin aiki, filen da nake gyara fuskar katako da shi ya fara tsatsa. Na zauna ina kallon kayan. Wataƙila Auta ce da gaskiya. A can aƙalla akwai hayaniya.

Na fito da jakar tafiya na ajiye a bakin gado. Ban sa komai a ciki ba.

Alhamis, 27 ga Maris

Da la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai injin ne. Ya ce tambaya ya yi ta yi har aka nuna masa gidan tsohon kafinta. Ya miƙo min wani siririn katako mai kama da mataji, gurabensa kowanne ya ɗara na kusa da shi faɗi kaɗan, da lamba a ƙasa. Ya ce in soka gutsuren katako in ga wanda ya kama daidai, sai in zana da wannan lambar. Shi ma haka yake yi, don ya fasa falle ba adadi kafin ya gane.

Na dafa shayi. Ya leƙa zanen a allo, ya nuna min kusurwar da bango biyu duk suka ƙare da yatsa, za su yi karo. Dole ɗaya ya ƙare da gurbi. Na ce wannan kam laifin ido ne, ba na hannu ba. Ya yi dariya, karon farko da na ga haƙoransa.

Da zai tafi ya tsaya a kan tsohon teburina yana shafa bakin aljihun. Ya ce akwatunansa duk suna buɗewa a gindi in an ɗora nauyi, ko zan duba masa wata rana.

Talata, 1 ga Afrilu

An yanka na uku. Yatsun sun shiga da ɗan turawa, suna wata ƙara mai daɗi. Amma wurin sa gam sai an riƙe bango huɗu lokaci guda. Na yi ta fama da haɓa da gwiwa. Mai injin ya matso ya dafe bango biyu, ni na dafe ɗaya, na jingina dama a kan na huɗu. Muka tsaya haka har gam ya kama. A nan ya gaya min shi ma shi kaɗai yake, iyalinsa na wani gari, sai ƙarshen wata yake ganin su.

Na zuba zaren da alluran a ciki. Murfin ya zauna. Na daɗe ina buɗewa ina rufewa.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Na nuna wa Auta akwatin ta waya. Ta yi kuka. Ta ce to an gama, yaushe za su zo ɗauka ta? Na ce akwai gindin akwatunan mutumin nan da ban gama dubawa ba, ba zan bar shi a tsakiya ba. Ta dube ni da kyau, ta ce to Baba.

Laraba, 16 ga Afrilu

Ba wai aiki na kama ba. Ina dai leƙa shagon mai injin in na gaji da zaman gida. Jiya na zana wa wata mai sayar da turare akwati mai ɗakuna shida, muka yi ta musu da mai injin a kan faɗin yatsu har aka kira la'asar. Shi ya fi son manya, wai sun fi sauri. Bai san kyau ba.

Akwai wata kujera mai majingini da ya ajiye kusa da taga, ba wanda ya ce ta waye. Yau na shiga na tarar wani ya ɗora jakarsa a kai. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tsaya a kansa har ya ɗauke.