Abin Da Na Goge A Jikin Kifayenka

Zuwa ga Autana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, tare da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ba ka juriya a wurin aikin da aka tura ka, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar babanku ta yi sauƙi, har yana kai kansa shago ba sanda. Yayarka ta koma aiki, 'yarta kuma ta fara haƙori, duk abin da ta kama sai baki. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san da furfurata na shiga aji. Wannan ce takarda ta uku, biyu na yayyage.

Za ka ce me ya hana ni faɗa maka ta waya, tunda kullum muna magana. To, wayar ce ta cuce ni. Sati uku ke nan duk ka tambaye ni kifayenka sai in ce lafiya lau, kafin in yi tunani bakina ya riga ya faɗa. Ba lafiya ba ne, ɗana. Cikin iyayen tarwaɗa goma sha biyu da ka bari a tankin da ke bayan gidanmu, waɗanda ka shekara uku kana reno don su yi maka ƙwai, huɗu sun mutu. Ba mage ba ce, ba abinci ba ne. Ni ce.

Takardar da ka manna a bango da manyan baƙaƙe na bi ta layi-layi. Abinci sau biyu, canjin ruwa bayan kwana uku, ban da sabulu. Ranar canji na farko na kwashe su zuwa baho, sai na ji hannuna ya yi caɓa-caɓa da yauƙi. Na ce oh, yaron nan shekara uku bai taɓa wanke halittun nan ba, ɗakinsa ma haka yake barinsa. Na ɗauko tsohon tawul ɗinka mai ruwan ƙasa, na riƙa kama su ɗaya bayan ɗaya ina gogewa tun daga kai har wutsiya. Ita babbar, wadda kake kira Gwaggo don ka ce haka ƙanwar babanku take tura baki in ta yi fushi, sai da na danne ta da gwiwa. Sau huɗu na yi haka. Da fararen tabo suka fito masu, na ce ai ga dattin nan ya fara cinsu, sai na ƙara ƙarfin hannu. Tabon ya koma ja, ya buɗe ya zama gyambo, suka daina cin abinci. Biyu na farko na binne su gindin lemo ban gaya wa kowa ba.

Da na huɗu ya taso ciki sama, na kasa ɓoyewa, na kira mijin yayarka. Shi ya zo da wata likitar dabbobi, yarinya ce siririya mai tabarau, ba ta kai ka shekaru ba. Ta gwada ruwa ta ce ruwa lafiya. Ta shinshina abinci, ta shafa ragar kamu ko tana da kaushi, ta tambaya ko suna faɗa da juna. Ni ina tsaye ina ta cewa ban sani ba. Da ta ɗaga ɗaya ta shafa bayansa da jiƙaƙƙen hannu, sai ta ce jikin nan kamar an kankare shi. Nan na shiga ɗaki na ɗauko tawul na ajiye a gabanta. Mijin yayarka ya juya baya yana tari, na san dariya yake haɗiyewa.

Ita ba ta yi dariya ba. Ta zaunar da ni a kan bulo ta yi mini bayani a hankali, ni kuma na sa ta maimaita don in rubuta maka daidai. Ta ce ruwan tanki, komai kyansa, cike yake da ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Abin da ke tsakaninsu da naman kifi shi ne yauƙin nan. A cikinsa akwai wasu 'yan gutsattsarin furotin da fatar kifin ke yi da kanta, ba dare ba rana. In ƙwayar cuta ta zo, sai su manne mata su huda bangonta, ta tsiyaye ta mutu, kamar ledar ruwa da aka soka wa allura. Ba sa jira kifi ya kwanta ciwo tukuna, a bakin ƙofa suke tare baƙon. Ta ce kwaɗo ma yana da irinsu a fatarsa, mu ma akwai a miyau da zufa, har masu bincike na can suna nazarinsu saboda wasu cututtuka sun daina jin maganin asibiti. Sai ta ce, "Mama, ba datti kika goge ba. Masu gadinsu kika kora." Wallahi ɗana, da ƙasa ta tsage da na shige.

Na roƙe ta allura, na roƙe ta kafso, ko wani abin shafawa. Ta ba da magani a garwaya a abinci, ta auna gishiri ta zuba a ruwa, ta ce saura kuma aikin fatarsu ne, za ta sake yin yauƙin in an bar ta. Kwana goma ba kamu, ba taɓawa, ba ɗaga murfi kowane lokaci. Ka ji maganin da aka ba ni, in zauna. Ni da ko zazzaɓi ka yi sai na taɓa goshinka sau ashirin. Rana ta farko na leƙa sau goma sha ɗaya, babanku ne ya ƙirga daga kan kujerarsa, ya kuma kai ƙarata. Yanzu yayarka ta sa kwaɗon ƙarfe a ƙofar wurin tankin ta tafi da makulli, ita ke zuwa safe da yamma ta ba su abinci. Na share tsakar gida sau uku yau. Na wanke labulen da na wanke shekaranjiya. In abin ya ishe ni sai in kifa bokiti in hau, in leƙa ta kan katanga, ba na ganin komai sai murfi.

Gwaggo ce ta tsaya mini a rai. Gyambonta yana kusa da wutsiya, faɗin murfin kwalba, kuma kwana biyar ba ta ci ba, ba a san ko maganin zai shiga cikinta ba. Likita ta ce in gefen ciwon ya fara yin fari-fari yana tsukewa, to ta juyo. In ya ci gaba da faɗi, babu abin da za a yi. Jiya yayarka ta ce ta taso ta shinshina abinci ta koma ƙasa. Na tambaye ta ko ta buɗe baki, ta ce ba ta lura ba. Yaya mutum zai tsaya a kan abu bai lura ba?

Babanku yana gaishe ka, da yayarka da mijinta, da kawunka mai gyaran agogo. Ka gaishe mini da abokin ɗakinka da maigidanku na wurin aiki. Yayarka za ta ɗauki hoton takardar nan ta tura maka. In ka karanta, kada ka kira ta a bayan idona. Ni za ka kira. In faɗa ne ka yi, zan riƙe wayar har ka gama, ba zan yi maka kuka don ka yi shiru ba. Sannan ka tambaye ni nawa suka rage, kullum ka tambaya, zan faɗa maka gaskiya komai ɗacinta. Yau dai takwas ne.

Ni ce mahaifiyarka.