Ta'aziyyar Malam Badamasi Isah, Wanda Garinsa Bai San Sunansa Ba

Cikin alhini, da kunyar da ta fi alhinin nauyi, Ƙungiyar 'Yan Wasan Kwaikwayo ta Bakin Iyaka, Jibiya, ta samu labarin rasuwar ɗaya daga cikin tsofaffin 'ya'yanta, dattijo mai haƙuri, Malam Badamasi Isah, wanda Allah Maɗaukakin Sarki ya karɓi ransa da hantsin Talatar da ta gabata, a gidansa da ke bayan tashar motocin Maraɗi, yana da shekara saba'in da shida, bayan jinyar ƙirji ta wata huɗu. Muna miƙa ta'aziyya ga ɗiyarsa tilo, Malama Fatu Badamasi, da maigidanta Malam Faruk, da danginsa na nan da na tsallaken iyaka. Muna kuma sanar da Mai Girma Hakimi, da masu unguwanni, da limamai, da Sarkin Tasha, da shugabannin 'yan dako, da sauran jama'ar gari. Labarin ya iso wa ƙungiya bayan an rufe shi da kwana ɗaya, kuma dalilin wannan jinkiri ne ya sa takardar nan ta fi yadda aka saba tsawo.

Mun sani da yawa daga cikin masu karatu sun wuce sunan da ke sama ba su gane kowa ba. To, shi ne wanda kuke kira Ɗaga-Gora.

Ga waɗanda aka haifa daga baya: daga 1981 zuwa 1988 ƙungiyar nan ta yi wani wasan barkwanci na talabijin mai suna Shingen Di'o, ana nuna shi kowace Alhamis bayan La'asar. Labarin zamanin mulkin Ingilishi ne a wannan iyaka tamu. Di'o Bature da Kumandan na Faransi kullum suna gardama a kan inda ƙasar wani ta ƙare, yau a matsar da shinge gaban tsamiya, gobe a dawo da shi baya, talakawa kuwa na wucewa da jakunansu ta gefen gona. Marigayi ba shi ne Di'o ba, ba shi ne tafinta ba. Shi ne mai tsaron gorar da aka gitta a hanya. Yakan fito sau ɗaya a shiri, fitowar da ba ta kai minti biyu ba, da jar dara da gajeren wando, ya ƙame, ya sara, ya ce: "Ranka ya daɗe, sama ko ƙasa?" Kowace amsa aka ba shi, jaki zai wuce lafiya, gora ta sauka a kan hular Di'o.

Ɗan dako ne da ya zo daga ƙasar Maraɗi yana saurayi. Ranar da muka fara ɗaukar shiri kaya ya ɗauko mana, wanda aka tsara wa tsaron gorar bai zo ba, sai aka ce ya riƙe na yini ɗaya. Ya riƙe shekara bakwai. Cikin shirye-shirye ɗari da goma sha huɗu ya fito a casa'in da shida, bai taɓa makara ba, kuma idan an tashi shi ne mai kwashe tufafi da kujeru ya mayar. Marigayi Malam Ummaru, wanda ya fito a matsayin Di'o, ya sha faɗa mana cewa ko ƙullutu gorar nan ba ta taɓa yi masa ba, domin Malam Badamasi yakan tare nauyinta da wuyan hannunsa daidai lokacin da za ta taɓa hula. Jama'a na ganin duka, shi ne mai jin zafin. Da wannan ciwon hannu ya tsufa.

A ƙarshen kowane shiri akan jera sunaye: na Di'o, na Kumandan, na tafinta, na mai tsara labari, sannan a rubuta "da sauransu". Yana cikin sauransu har aka daina wasan.

Wasan ya ƙare, laƙabin bai ƙare ba. Ya koma dakonsa, da ƙarfi ya ja baya ya koma gadin shaguna, kuma shekara talatin da wani abu ba ya ƙetare kasuwar Jibiya ba tare da wani ya ɗaga murya ya tambaye shi sama ko ƙasa ba. Yakan yi murmushi ya wuce, mu kuma muka ɗauki murmushin a matsayin yarda. Mutum ne mai karatu, ya haddace izu ashirin a hannun mahaifinsa. Wata rana liman bai zo masallacin tasha ba, aka tura shi gaba ya ja salla, kafin ya yi kabbara wani daga baya ya furta waccan magana, sahu ya ɓarke da dariya. Ya juyo ya koma cikin mamu, bai ƙara wucewa gaba ba. Ranar ɗaurin auren Malama Fatu, yana zaune a matsayin uba, maroƙi ya yi shela cewa an ɗaura auren ɗiyar Ɗaga-Gora. Wasunmu muna wurin. Mun yi dariya.

Kowa ya san al'adar garin nan: idan an yi rasuwa ladan yakan sanar ta lasifika bayan salla, ya faɗi sunan mamaci, ya ƙara da laƙabin da aka fi saninsa da shi domin mutane su gane. Ladan ya tambayi Malama Fatu ko ya ƙara. Ta ce a'a, domin mahaifinta ya bar wasiyya tun yana iya magana cewa a kira shi da sunan da aka raɗa masa ranar suna, kada a ƙara komai. Haka aka yi bayan Azahar. Masallaci cike yake. Aka ce Allah ya jiƙan Musulmi, kowa ya nemi takalminsa.

Mutum tara suka yi masa salla. Surukinsa da maƙwabta biyu, da ladan, da direbobin manyan motoci biyar daga Nijar da ke jiran kwastan su sallame su, waɗanda suka ga gawa ba masu ɗauka suka biyo don Allah, ba su san ko wane ne ba. Sai da liman ya raba su uku-uku kafin aka samu sahu uku. Washegari da magana ta fita cewa Ɗaga-Gora ne ya rasu, garin ya ɗauka daga tasha har kasuwa, ana ta tura guntun tsohon wasan a waya, ana sa alamar kuka da ta dariya a wuri ɗaya, ana cewa ai da an sani.

Ƙungiya ba ta da bakin zargin kowa. Mai sa hannu a wannan takarda, wanda ya tsara wasan kuma ya ƙirƙiro laƙabin, yana sahu na biyu a masallacin ranar, a kan kujerar da yake salla saboda gwiwa. Ya ji sanarwar da kunnensa. Ya yi addu'ar da ake yi wa baƙo, ya ɗauki sandarsa, ya tafi gida. Da ya je gaisuwa ranar uku, Malama Fatu ta gaishe shi daga bayan labule da ladabin da mahaifinta ya koya mata, ta tambaye shi shekara nawa suka yi tare da marigayin. Ya ce arba'in da wani abu. Ta aiko masa da ruwa. Da ya koma gida ya buɗe rajistar ƙungiya ta 1981. A layi na goma sha ɗaya, da rubutun hannunsa, laƙabin ne kaɗai a wurin suna.

Saboda haka ƙungiya ta zauna, idan zaman mutum ɗaya zama ne, ta soke abin da ke layi na goma sha ɗaya, ta rubuta Malam Badamasi Isah. Ta san wannan bai ƙara ko mutum ɗaya a sahun ranar Talata ba.

Sallar jana'iza ta wuce. Abin da ya rage shi ne addu'ar bakwai, ranar Litinin mai zuwa da ƙarfe takwas na safe, a ƙofar gidan marigayi. Muna roƙon Mai Girma Hakimi, da limamai, da Sarkin Tasha, da duk wanda ya taɓa yin dariya ranar Alhamis bayan La'asar, ya zo. Wanda zai zo don ya ɗauki hoton gidan, ko ya tuna wa ɗiyarsa waccan tambaya, ya yi zamansa. Wanda bai san gidan ba, idan ya iso bayan tasha ya tambayi gidan Malam Badamasi Isah. Idan aka ce masa ba a san mai wannan suna ba, kada ya taimaka da laƙabi. Ya sake faɗin sunan, ya tsaya har a gane.

Allah ya jiƙan Malam Badamasi ɗan Malam Isah, ya gafarta masa, ya sa Alƙur'anin da ya haddace ya cece shi, ya tsayar da shi a sahun gaba. Allah ya ba Malama Fatu da iyalinta haƙuri da juriyar wannan rashi, ya saka wa baƙin nan biyar da alheri, ya kai su gida lafiya. Mu kuma ba mu nemi yafiyarsa yana raye ba. Muna neman ta ɗiyarsa, idan ta ga dama.

Malam Yahaya Maɗugu Mazanya
Sakatare kuma Kakaki,
Ƙungiyar 'Yan Wasan Kwaikwayo ta Bakin Iyaka, Jibiya,
a madadin Shugaba da sauran 'yan ƙungiya, waɗanda duk suka riga mu gidan gaskiya.