Inna Ta So A Mai Da Ita Kunduru

Yashe,
Watan Nuwamba, 1953.

Zuwa ga yayana Kabo, a Bukuru.

Gaisuwa mai yawa da ladabi daga ƙanwarka Tani, cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Yaya Sa'a da yara duka. Allah ya tsare ka cikin aikin kuza, ya raba ka da sanyin ƙasar duwatsu, ya ɗauke maka tarin nan da ka ce yana damunka tun damina. Mu nan muna lafiya. Maigidana Labaran ya gama cirar gyaɗa, gero ya shiga rumbu, dawa kaɗai ta rage a gona. Yara sun yi mura sun warke. Akuyar Inna mai farin goshi ta haifi biyu, sati guda bayan an rufe uwargijiyarta.

Amsar da ka aiko wa Malam Manu mai bishara a kan rasuwar Inna ta iso, ya kuma karanta mana ita bayan sujada. Ka yaba mini ƙwarai, ka ce shekara shida na riƙe tsohuwa ban gaji ba, ladana yana ajiye a sama. Mutane suka yi ta cewa amin, ni kuwa na sunkuyar da kai, suka ɗauka kunyar yabo ce. Ba ita ba ce, Yaya. Shi ya sa wannan karon ban kai wa kowa ya rubuta mini ba, na zauna da ɗan karatun da matar Malam ta koya mana ina rubutawa da hannuna. Ka yi haƙuri da karkatattun baƙaƙe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kai ne kuwa kaɗai ka rage mini a ɗakinmu.

Ka san yadda Inna take da ƙanwarmu Zinariya. Tun daga suna aka raba mu: ni an duba rana aka ga Litinin ce aka ce Tani, ita kuwa sai da aka zauna aka zaɓa mata. Ni ke daka, ni ke zuwa rijiya, ita ke zaune gindin Inna ana yi mata kitso. Ita ta fara bin masu bishara sa'ad da suka zo garinmu Kunduru, ita ta kawo waƙoƙinsu gida, har Inna ta bar kai farar kaza gindin tsamiya ta ba da gaskiya. Da sanƙarau ya ɗauke ta tana shekara goma sha biyar, na yi kuka kamar raina zai fita, Allah ya sani. Amma can ƙasan zuciyata na ce yanzu Inna za ta juyo ta dube ni. Ba ta juyo ba. Da a ce addinin kakanni muke yi, da an yi kuka an share hawaye, na gaba ya yi gaba. Amma Inna ta riƙe maganar tashin matattu hannu bibbiyu, Zinariya ba ta taɓa zama matacciya a wurinta ba. Kamar ɗiyar da aka kai gidan miji nesa take, wadda za a je gani in an samu hanya.

Shekarun nan shida da ta yi a gidana, ni ke dama mata kunu, ni ke gasa mata gwiwa da ruwan zafi, ni ke wanke abin da ba a faɗa. Ba ta rena ba, takan sa mini albarka. Amma in ka ga fuskarta ta yi haske, to, zancen Zinariya ne. Takan tambayi Malam Manu ko a ranar tashi Zinariya za ta tashi yarinya kamar yadda ta tafi, ko kuwa za ta tarar ta girma. Takan ce jikin da za a ba ta sabo ba shi da ciwon gwiwa, da gudu za ta je ta rungume ta. Ina gefe ina tankaɗe ina ji. Wace irin mace ce ke kishi da ƙanwarta da ke cikin ƙasa shekara goma sha huɗu? Ga ta nan tana rubuta maka takarda. Mai rai yana yin laifi, yana ƙona tuwo, yana ɗaga murya in ya gaji. Wanda ya tafi kuwa ya gama laifi, kullum ƙara kyau yake yi. Ta yaya zan yi tsere da wannan?

Ga abin da ba ka sani ba. Bana, tun ana noman farko, Inna ta kira ni da hantsi, muna mu biyu a tsakar gida, ta ce jikinta ya gaya mata ba za ta ga kaka ta baɗi ba. Ta roƙe ni in gaya wa Labaran ya ɗora ta a jaki ya mai da ita Kunduru gidan Kawu Hamma, ta ƙarasa kwanakinta can, a sa ta kusa da Zinariya, don in an busa ƙahon ƙarshe su tashi tare, kada ɗaya ta yi ta neman ɗaya. Na ce to. Amma ban gaya wa Labaran ba. Da ta sake tambaya na ce hanya ta yi laka, a bari ruwa ya ɗauke. Da ruwa ya ɗauke na ce maigida yana cikin gero. Da aka gama gero na ce ga gyaɗa. Ka san Labaran, da ya ji ko da kalma ɗaya, da ya ajiye lauje ya ɗaura wa jaki akumari a ranar. Ita kuwa tana jin nauyin surukinta, ba za ta iya buɗe baki ta gaya masa da kanta ba. Na san da haka, da shi na dogara. Kullum ina ce wa kaina don lafiyarta nake yi, tsohuwa ba ta iya zaman jaki. Ƙarya nake yi wa kaina. Na riƙe ta da rai, na ƙi in miƙa ta ga wata ta mutu.

Kwana uku kafin ta cika hankalinta ya fara tafiya yana dawowa. Da azahar na shiga da kunu, sai ta ɗago ta dube ni da wata irin fara'a da ban taɓa samu daga gare ta ba tun da aka haife ni. Ta kama hannuna ta kira ni Zinariya, ta ce ashe na zo taryenta, ta ce ban canja ba ko kaɗan. Yaya, na amsa. Na zauna na bar ta tana shafa mini kai tana kirana da sunan wata, na sha daɗin da ba nawa ba kamar ɓarauniya, ina kuka tana cewa in daina, ai kuka ya ƙare. Haka muka yi kwana ukun. Ta cika ranar Alhamis da safe, ba ta sha wahala ba, babu tsoro a fuskarta ko ɗigo. Muka sa ta bayan gidanmu, gabas da rumbu. Maƙwabtanmu Musulmi suka taya haƙa, Allah ya saka musu.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ran kwana bakwai Kawu Hamma ya zo gaisuwa daga Kunduru. A gaban jama'a ya tambayi abin da ya hana a kawo ta, ya ce tun damina ta aika masa da saƙo ta bakin wata mai tallan nono cewa tana tafe, ya sa an yaɓe mata ɗaki, ya share wuri kusa da yarinyar, ya yi ta duban hanya. Labaran ya ce shi bai taɓa jin wannan magana ba. Sai ya juyo ya dube ni, kowa a wurin kuwa ya gane. Kawu ya tashi bai ko sha ruwan gidana ba. Har yau mutanen Kunduru in mun haɗu a kasuwar Kankiya sai su ɗauke kai. Labaran bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi.

Na je na gaya wa Malam Manu duka, ban rage ba. Na zaci zai hana ni shiga majami'a. Sai ya ce laifi na yi, kada in sa masa wani suna, in tuba ga Allah in kuma je in durƙusa wa Kawu. Amma ya ce kada in ɗauka ina da ikon raba abin da Ubangiji ya yi alkawarin tarawa. Wanda ya fito daga kabari da kansa bai manta inda aka sa kowane nasa ba, ko a Yashe ko a Kunduru ko a cikin kogi. Ya ce irin da aka shuka a gona biyu rumbu ɗaya yake shiga. Maganar ta sauke mini kaya, na ji ban cuci Inna har abada ba. Amma kafin in kai gida wani abu ya sake cizona: ashe duk wahalar da na sha a banza, sun riga sun haɗu, suna can tare, ni ce dai a waje kamar kullum. Ka ga irin zuciyar da nake fama da ita.

Maƙwabciyata Haulatu ta ce wai Inna ta taɓa gaya mata ba ta damu da Zinariya ba tun da ta riga ta isa gida, ni ce abin damuwarta, don na iya riƙe kowa amma ban yarda wani ya riƙe ni ba. Ban sani ba ko Inna ta faɗa, ko kuwa Haulatu ta ƙaga don ta sanyaya mini rai. Mace ce mai tausayi, za ta iya. Kai ka fi ni sanin Inna, ka gaya mini ko maganar ta yi kama da bakinta.

Abin da nake roƙo biyu ne. Na fari, ka yafe mini, don uwarka ce kamar yadda take uwata, kuma yabon da ka yi mini ka janye abin da bai dace ba. Na biyu, in kun samu hutun Kirsimeti ka zo ka raka ni Kunduru wurin Kawu, ƙafata ita kaɗai ta kasa. Ina so kuma in tsaya a kan kabarin Zinariya, rabona da shi tun ranar da aka rufe ta. Na gaskata matattu za su tashi, Yaya, ban taɓa shakka ba, abin da ban koya ba shi ne in yi murna da tashin kowa da kowa. Ina addu'a a kai. Amma kada ka ɗauka na warke. Jiya na nuna wa Labaran wurin da ke hannun daman Inna, na ce in nawa ya zo a sa ni nan, kada a ba kowa. Ya tambaye ni dalili, na ce don ran da aka busa ƙaho, kafin ta kama hanyar neman kowa, ni za ta fara gani. Ya daɗe yana kallona, sa'an nan ya ɗauko dutse ya kafa a wurin.

Ka gaishe mini da Yaya Sa'a da kyau, ka ce na gode da zanen da ta aiko. Ka gaishe da Babba da Hawwa'u da ƙaramin da ban gani ba tukuna. Labaran yana gaishe ka, Malam Manu da matarsa suna gaishe ka, haka ma Haulatu. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri, a nan tukuna, sa'an nan a can.

Ni ce ƙanwarka,
Tani matar Labaran.