Kafin Ku Sake Buɗe Filin Tanis, Ku Ji Abin Da Ya Sami Gwiwar Sa'adiya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin da ke kula da wasan tanis na 'yan mata a yankinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ina kuma yi maka barka da dawowa, kai da iyalinka da abokan aikinka. A ƙasar nan tamu duk wanda ya koma gida ya tarar da ƙyaure a jikin ɗakinsa, ya cancanci barka.

Ni manomi ne. Ina da hawasha a bakin babbar tur'a, wato magudanar ruwan noman rani, arewa da Sinnar, gonar da na gada wurin mahaifina. Ba ka san ni ba, ko da yake kafin yaƙi na sha zama a bencin ƙofar ofishinku. Da Hausa na rubuta domin da ita kaɗai nake iya faɗin abin da ke cina, na kuma san ba za ka rasa mai juya maka zuwa Larabci ba. Ina son sauran iyaye ma su ji.

An sanar a makarantar 'yan matan ƙauyenmu cewa za ku share filin tanis ku ci gaba da horo yadda kuka saba: mai horarwa ɗaya, lokaci ɗaya, daga 'yar shekara takwas har 'yar sha bakwai. Wannan sanarwa ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Na ɗaya. Ni ba maƙiyin wasan nan ba ne.

Filin yana bayan tsohon gidan mufattish, jami'in noman rani na zamanin da. Mun tashi mun gan shi siminti a tsattsage, awaki na kwana a kai. Wata malamar makaranta, Ustaza Nafisa, ita ta sa yara suka share shi, ta ɗaura raga. Ɗiyata Sa'adiya tana da shekara takwas lokacin. Ƙanana irinta ba a wahalar da su: tsere, cafe ƙwallo, jifan gwangwani, sai can ƙarshe a ba su sandar bugu su ɗan taɓa. Takan dawo gida tana haki tana dariya, ta zauna ta ci kisra, fanken dawar nan tamu, kamar wadda ta wuni tsinkar auduga. A cikin sa'o'inta babu mai kamo ta a guje. Da wasu dattawa suka fara cewa bai dace 'ya'ya mata su riƙa tsalle a fili ba, ni na tsaya a ƙofar masallaci na kare wasan. Mutanen ƙauyenmu shaida ne.

Na biyu. Yadda aka auna yara da tsayi, aka bar shekaru.

Da labarin yaran ya kai gare ku, sai kuka turo naku mai horarwa, wanda kowa ke kira Kabtin, aka ce Ustaza ta koma aji. Ranar farko ya jera yaran bisa tsayi, ya raba su gida biyu. Ko ɗaya bai tambaya shekarunta ba.

Shekarar Sa'adiya ta cika sha biyu, kuma a damina ɗaya ta miƙe kamar karan dawa. Rigunanta suka ɗage, takalminta ya matse ta, ta wuce uwarta tsawo. Sai ta faɗa rukunin 'yan sha shida da sha bakwai. A shekarar nan kuma hannunta ya sauya. Ƙwallon da da take duka cikin sauƙi sai ya riƙa wuce ta. Takan harɗe da ƙafarta. A gida ma ta fasa kofunan shayi har uwarta ta daina ba ta tire. Kabtin ya ce lalaci ne ya shige ta. Ya ƙara mata tsalle a matakalar gidan mufattish, sama da ƙasa, ya ƙara mata gudu a kan gaɓar tur'a da jakar yashi a kafaɗa.

Wani kumburi ya fito mata ƙasa da gwiwar hagu, kamar ƙwan zabo. Ta kasa durƙusawa a salla, sai dai ta miƙe ƙafar gefe. Uwarta ta yi gashi, ta shafa man riɗi, abin bai sauka ba. Na je na sami Kabtin a filin. Ya saurare ni da fara'a, ya ce ta ciwo ƙarfi ke shiga jiki, duk wani babban ɗan wasa ya bi ta nan, kuma in ta huta mako guda wata za ta maye gurbinta a gasar da ake shiri. A gabanta ya faɗi haka. Tun daga ranar ba ta ƙara cewa gwiwa na ciwo ba. Na hana ta zuwa, amma horon a cikin lokacin makaranta kuka sa shi, da izininku, daga aji ake kora su fili.

Na uku. Abin da likita ya faɗa, da abin da ofishinku ya faɗa.

Lokacin tsinkar auduga ne, ina gona, 'yan mata suka zo a guje. Sun ce ta yi tsalle za ta bugo ƙwallon sama, da ta dira suka ji ƙara kamar an karya busasshen kara. Muka kai ta wurin wani likitan ƙashi a Sinnar. Ya ce jijiya ce ta fizge ɓallin ƙashi daga ƙasan gwiwa.

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani, ga shi kuma yadda na riƙe. Ya ce a shekarun da yarinya ke miƙewa, ƙashi ne ke fara tsawo, tsoka da jijiya su biyo baya a ɗaure. Bakin ƙashin kuma bai gama ƙwari ba, guringuntsi ne. Mata sun riga maza shiga wannan lokaci. Harɗewar ƙafa da kuskuren hannu da Kabtin ya kira lalaci, alamar girma ce, kuma da kanta take wucewa in an yi haƙuri. Ya ce saurin ƙafa da lokacinsa, ƙarfin jiki da nasa lokacin, kuma doguwar yarinya 'yar sha biyu har yanzu 'yar sha biyu ce. Na tambaye shi ko wannan wani ɓoyayyen ilimi ne. Ya ce duk wanda aka ba amanar horar da yara ya kamata a ce da shi ya fara.

Ya yi mata aiki ya ɗinke, ya ɗaure ƙafar, ya ce kada ta taka fili sai ya sake ganinta ya yarda. Ana cire ɗaurin Kabtin ya kira ta a makaranta, ya ba ta sabon takalmi, ya ce sunanta na nan cikin masu tafiya gasa. Yarinya ce. Ta koma. Wurin ya sake ɓallewa, wannan karon kuma bai haɗu daidai ba. Gwiwar ta daina lanƙwasuwa sosai. Daga gida zuwa bakin tur'a sai ta tsaya ta huta.

Babu wanda ya zo daga wurinku, ko da sannu. Da na matsa da zuwa ofis, wani ma'aikacinku ya ce mini ƙaddara ce, in ɗauki haƙuri. Ranka ya daɗe, na yi imani da ƙaddara tun kafin a haifi ma'aikacin nan. Jakar yashin dai hannun mutum ne ya ɗora ta.

Na huɗu. Hanya.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila na yi shiru har in mutu. Gurguwar ɗiya ɗiya ce, tana gabanka kana ganinta.

Tana da shekara sha biyar yaƙi ya iso mu. Da hantsi aka ce masu bindiga sun shiga ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu. Kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai, muka bi gaɓar tur'a a ƙafa, muka nufi Sinnar. Sa'adiya ta dogara sanda ta yi ta tafiya har azahar ta wuce. Da na duba, gwiwar ta cika tam. Na goya ta. Na yi tafiya da ita har ƙarfina ya ƙare, mutane suna ta wuce mu. Can maƙwabcinmu Malam Bashir ya iso da karonsa, wato amalanken jaki, cike da tsofaffi da jarirai. Ya matsa ya samar da wurin mutum ɗaya. Uwarta ta so ta hau tare da ita, babu wuri. Muka yi alkawari da shi mu haɗu a masallacin kasuwar Sinnar. Da na ɗora ta, abin da ta ce da ni shi ne, "Baba, ka karɓar wa Inna ƙullin nan, ya yi mata nauyi."

Gaba kaɗan, a mararraba, aka buɗe wuta. Jama'a suka watse. Mu masu ƙafa muka kutsa cikin gonakin dawa. Karo ba ya shiga gona, sai ya bi titi.

Mun isa Sinnar, muka zauna a ƙofar masallacin nan muna duban kowane jaki. Na bi makarantun da aka zuba 'yan gudun hijira, aji aji. Na je Abu Na'ama. Da hanya ta buɗe na haye har Rufa'a, domin wani ya ce ya ga doguwar yarinya mai ɗingishi tana ɗibar ruwa. Na same ta, ɗiyar wasu ce. Daga cikin waɗanda ke kan karon nan, har yau ba mu ji ɗuriyar ko mutum ɗaya ba.

Ban ce kwamitinku ne ya harba bindiga ba, kuma ba zan faɗa ba. Abin da na sani shi ne, ƙawayenta da suka yi wasa tare dukansu da ƙafafunsu suka bi ta cikin dawar nan, sun kuma dawo gida. Wadda ta fi su gudu tun suna ƙanana ita aka ɗora a karo.

Na biyar. Halin da nake ciki.

Mun dawo. Filin yana kan hanyata ta zuwa hawasha, babu yadda zan kauce masa. Ciyawa ta cinye shi, ragar ma an sace. Duk da haka wani lokaci da la'asar, in na zo wucewa, sai in ji bugun ƙwallo, tas, tas, in tsaya in leƙa. Awaki ne kawai. In na ji ƙarar karo a bayana ba na iya ci gaba da tafiya sai ya wuce na ga waɗanda ke kai. Ba mu yi mata sallar gawa ba, ba mu zauna makoki ba. Masu zuwa gaishe mu ba su san ko ta'aziyya za su yi ko jaje ba, sai su sha shayi su tashi.

Tana da ƙanwa, Rabi, shekararta sha ɗaya. Bana ita ma ta fara miƙewa. Rigunan yayarta sun zo mata daidai. Rannan na shigo gida na hango ta ta baya a gindin randa, na ɗauka yayarta ce, sai da na dafa bango. Makon jiya kofin shayi ya suɓuce mata ya fashe, uwarta ta tashi ta shige ɗaki. Rabi ta ji sanarwarku. Ta ciro sandar bugun yayarta daga ƙarƙashin gado, ta goge, kullum tana buga ƙwallon tsumma a jikin katanga. Tana son wasan, kuma na ga tana da hannu. Ba na son in hana ta. Amma in na kalle ta, gwiwarta nake kallo.

Saboda haka ga roƙona.

Ku raba yaran bisa shekarunsu da inda girman jikinsu ya kai, ku bar zancen tsayi. Ƙanana su yi wasa ya zama wasa. Waɗanda ke tsakiyar miƙewa a sassauta musu tsalle, a raba su da ɗaukar nauyi har jikinsu ya daidaita.

Kada ku sake turo mana wanda bai san jikin yara ba, komai ƙwarewarsa a fili. A sa mace a tare da shi, wadda yarinya za ta iya gaya wa inda ke mata ciwo ba tare da kunya ko tsoro ba. Ustaza Nafisa tana nan da ranta, ta dawo.

In yarinya ta ce tana jin ciwo, a tsaya, a sanar da iyayenta ranar. In likita ya ce a huta, kada wani ya zagaya ta bayan iyaye da takalmi ko alkawarin gasa. Hutun jinya kuma kada ya jawo mata rasa gurbinta.

Ba na neman diyya. Kabtin ma ban san inda yake ba, wataƙila shi ma yana neman nasa. In kun yi waɗannan, ni da kaina zan kai Rabi fili.

Roƙona na ƙarshe nawa ne ni kaɗai. Kuna da mutane a garuruwa da yawa, masu horarwa da malaman makaranta, har a sansanonin da ƙafata ba ta kai ba. Don Allah ku sa su cigiya. Baƙa ce, siririya, tana jan ƙafar hagu, da tabon ɗinki ƙasa da gwiwa. In tana raye shekararta sha bakwai. Tsawonta ba zan iya faɗa muku ba, domin ranar da na ɗora ta a karo ba ta gama girma ba. Larabcinta ya fi Hausarta, kuma mai yiwuwa ba za ta amsa wa baƙo ba in ya ce Sa'adiya. Sunan mahaifiyata gare ta, a gida ba ma faɗinsa. A ce mata Uwani. In ita ce, za ta juyo.

Allah Ya ba ka ikon riƙe amanar 'ya'yan mutane, Ya tsare maka naka, Ya sa kada ka taɓa zama a ƙofar masallaci kana jiran ɗayansu. Allah Ya mayar wa kowa nasa.

Wassalam.

Naka,
Mahaifin Sa'adiya da Rabi,
daga wani ƙauye a bakin tur'a, arewa da Sinnar.