Rigar Wulan

Yaya Sulastri,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? 'Yata Wulan ta fara makaranta?

Ni nan Japan lafiya lau. Aikin ba wuya. Ana ƙona tsofaffin kayan ma'aikatan tashar nukiliya, ni kuma ina gaban na'ura ina duba ko hayaƙin ya ɗauko guba. Wallahi bai taɓa wuce ƙa'ida ba. Barci ne kawai ya guje ni.

Abokina Parjo ya dawo daga gida. Na tambaye shi rigar da na aiko wa Wulan tsaraba, ya yi ta kame-kame, can ya ce, "Sai haƙuri, mutumina. Da bakin sanda Inna ta ɗauke ta, ta cinna mata wuta a bayan gida." A kanti na saye ta, Yaya, ko ƙofar tashar ba ta gani ba.

To ni da nake ciki kullum, in na dawo da me za a taɓa ni?

Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Takardar nan na auna ta da na'ura kafin in rufe, ba komai a jikinta. Don Allah ki bar yarinyar ta riƙe.

Ƙaninki,
Darmaji