Maɓallin da Yaya Ta Ƙi Dannawa

Zuwa ga ɗana, ɗan Yayata,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka. Ina buɗe wannan takarda da gaisuwar uba ga ɗansa, tare da addu'ar ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarka. Allah Ya yi wa aikinka albarka, Ya sa zaman da kake yi a can ya zame maka alheri. Mu nan muna nan yadda ka san mu, sai abin da ba a rasa ba. Gwiwoyina sun fara yi mini gardama a kan matakala, mai ɗakina tana jiran a yi mata aikin ido, ƙanwarka Auta kuma ta fara koyarwa. Mun gode wa Allah a kan kowane hali.

Na zaɓi alƙalami a kan waya saboda a waya kana tambaya cikin gaggawa, ni ma ina amsawa cikin gaggawa, mahaifiyarka kuma tana kwance kusa da ni tana sauraro. Akwai maganar da ba a yi a gaban mara lafiya. An sallamo ta daga asibiti, ƙashin ƙugun da ya tsage yana haɗewa a hankali, tana takawa daga gado zuwa kujera da sandar nan mai ƙafa huɗu. Sai dai ta rame, ta kuma rage magana, kai kuwa ka san Yaya ba mai ƙarancin magana ba ce.

Ka tara mini tambayoyi game da na'urar neman agajin da ka sa aka haɗa mata, kuma na fahimci zuciyarka tana neman wanda za ta ɗora wa laifi. Don haka na kira ma'aikacin kamfanin, muka zauna a falonta, na bi tambayoyinka da shi ɗaya bayan ɗaya kamar yadda nake bin ɗalibai a zamanin da nake aji. Ka tambaya ko batir ne ya mutu. Bai mutu ba. Akwatin da ke kan teburin falo yana jone da wuta, yana da batirin da zai riƙe shi ko an ɗauke ta, fitilarsa kuma koriya ce. Ka tambaya ko ruwa ya lalata maɓallin da take ratayawa a wuya. Mutumin ya tsoma shi cikin kofin ruwa a gabana, ya danna, nan take wata mata ta amsa daga ofishinsu, ta ambaci sunan Yaya, ta tambayi ko lafiya. Ka tambaya ko banɗaki ya yi nisa da akwatin. Mun gwada daga banɗakin, da ƙofa a rufe, mun gwada daga baranda inda take shayar da shukokinta, duk ya kama. Ɗana, na'urarka ba ta da laifi. Yaya ce ba ta danna ba.

Ga yadda abin ya faru, kamar yadda na tsinto shi daga bakinta da bakin maƙwabciyarta mai ɗinki, wadda ƙofarsu ke kallon juna. Da hantsi ta shiga wanka, santsin tayil ya kwashe ta, ta kai hannu ga ƙarfen tawul, ƙarfen ya biyo ta. Ta faɗi a kan gefenta tsakanin baho da bango, tufafinta kuma suna rataye a bayan ƙofa, inda hannunta ba ya kaiwa. Maɓallin yana wuyanta, domin ta cika alkawarin da ta yi maka cewa ba za ta cire shi ba ko a wanka. A nan ta yini. Sai bayan la'asar mai ɗinki ta lura labulen falon bai motsa ba, ba ta kuma ji rediyo ba, ta ƙwanƙwasa shiru, ta nemo mai kula da ginin ya buɗe, ita kaɗai ta shiga. Ta ce ta same ta jiki ya yi sanyi, leɓɓa sun bushe, maɓallin kuma yana damƙe cikin tafin hannunta har ya yi mata shaida.

Dalilin yana da tushe, kuma ba a faɗa maka ba don kada hankalinka ya tashi. Tun farkon haɗa na'urar, kafin a sa lambarka cikin waɗanda ake sanarwa, wata rana ta jingina da bakin teburin girki, maɓallin ya dannu ba ta sani ba. Matar ofishin ta yi ta kira daga akwatin falo, Yaya kuwa famfo yana zuba, ga nauyin kunnen da ka sani. Da ba su ji amsa ba sai suka yi abin da aikinsu ya ce: suka turo motar asibiti. Ƙarti suka hau bene da gadon ɗaukar mara lafiya, suka ɓalle makullin ƙofa, maƙwabta suka cika baranda, suka tarar da ita tsaye da ludayi a hannu, kanta ba ɗankwali. A lokacin mun yi dariya, har na riƙa tsokanarta cewa ta tara jama'a ba ta dafa musu komai ba. Ita ma ta yi murmushi. Ashe abin ya zauna mata a rai.

A asibiti na tambaye ta abin da ya hana ta dannawa. Ta ce ta ɗora yatsa a kan maɓallin ya fi a ƙirga, amma duk lokacin sai ta hango waɗannan samarin, sa'o'in jikokinta, suna shigowa su same ta yadda uwarta ta haife ta, maƙwabta kuma suna leƙe. Ta ce tun da take, ban da mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, babu namijin da ya ga ko kafaɗarta, ba kuma za ta fara da furfura ba. Na ce mata ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta ce mini wannan karin maganar namiji ne ya ƙirƙiro ta, kuma in bar ta ta huta. Likita ya gaya mini a keɓe cewa tsagewar ƙashin ba ta ba shi tsoro kamar daɗewar da ta yi a ƙasa ba, kuma jikinta ba zai ɗauki irin wannan yinin karo na biyu ba.

Ka kuma tambaya game da irin wadda ke kira da kanta idan mutum ya faɗi. Akwai ta, ma'aikacin ya nuna mana. Ya yi gaskiya, ya ce ba kowace faɗuwa take ganewa ba, musamman idan mutum ya sulale a hankali, wani lokaci kuma takan yi kira alhali ba a faɗi ba. Yaya tana jin haka ta ce abin da zai tara mata maza ba da izininta ba, ba zai kwana a wuyanta ba, in an matsa mata za ta rataye shi a ƙusa tare da kalanda. Na san halinta, za ta aikata. Saboda haka ban matsa ba, domin maɓallin da ke wuya, ko ana shakkar danna shi, ya fi wanda ke jikin bango.

Abin da na iya yi shi ne wannan. An sauya tsarin kiran: idan ta danna, mai ɗinki za a fara nema, tana da makulli yanzu, sai Auta, sannan ni. An rubuta a wurinsu cewa mace ce za ta fara shiga ta suturta ta, sai dai idan rai ne ke hannun Allah, wannan kam sun ce ba za su jira kowa ba, ni ma ban roƙe su su jira ba. An kafa ƙarfen riƙewa a banɗakin, an shimfiɗa tabarmar roba, an saukar da maratayin tufafi ƙasa inda mai kwance zai kai hannu. Yaya ta kalli duk wannan ta ce an gode. Ba ta ce za ta danna ba. Mai ɗinki kuwa tana fita kai kaya, Auta tana aji, ni kuma kafin in hau wannan benen sai na huta a kowane hawa. Ba na son in yaudare ka da cewa an rufe ɓaraka.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ka san lambarka tana cikin waɗanda ake sanarwa duk lokacin da aka danna. Da ma'aikacin ya zo kanta, Yaya ta tambaye shi ko idan ta danna kai ma za ka ji. Ya ce nan take saƙo zai same ka. Ta tambaye shi ko saƙon zai kawo ka. Mutumin ya sunkuyar da kai. Sai ta ce a cire lambarka. Ta ce ba za ta iya kwanciya a ƙasa tana sane da cewa kana can kana riƙe da waya, kana kai da kawowa a ɗaki, ba ka da yadda za ka yi ba. Ta ce wannan ma yana cikin abin da ya riƙe yatsarta a ranar, ya ma fi kunyar nauyi.

Ban bari an cire ba, na ce sai na ji daga gare ka. Idan ka bar lambar, ina tsoron ba za ta danna ba. Idan ka cire, wata rana za ta faɗi kana cikin harkokinka ba ka sani ba, sai daga baya. Ban ga mai daɗi a cikin biyun ba, kuma ba ni da ikon zaɓar maka. Abin da na sani kawai, magabata sun ce zumunci a ƙafa yake. Ba na zargin ka da komai. Ka yi abin da mai nisa zai iya, ka kuma yi shi da zuciya ɗaya. Amma wannan magana ba ta waya ba ce. Ka nemi hutu ka zo, ka zauna a bakin gadonta, ku yanke ta ku biyu, tun tana iya yi maka gardama.

Ka gaishe mini da surukarmu, Allah Ya saka mata da alheri bisa magungunan da ta aiko. Ka gaida jikokina, Babban Yaya da Sarkin Surutu, ka ce wa 'yar ƙaramar amaryata angonta ya tsufa amma bai saki ba. Mai ɗakina da Auta suna gaishe ku, mai ɗinki ma ta ce a miƙa gaisuwarta. Yaya ba ta san na rubuto ba. Da na fito ɗazu na bar ta a kujerar bakin taga, maɓallin yana kan ƙirjinta, hannayenta biyu suna kan cinya.

Allah Ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Kawunka