Motar Maigidana Tana Kan Turmina

Zuwa ga Inna Uwani,

Don girman Allah ki taimake ni, ki buɗe wasiƙata kafin ta kowa. Saura mako uku a rufe makaranta, ranar da aka rufe kuwa maigidana zai kwanta a ƙarƙashin mota, ni kuma ina tsoron ba zai fito da ransa ba. Abin da ya fi cin raina shi ne da hannuna a ciki.

Mu mutanen kudancin Zariya ne. Aikin koyarwa ya kawo maigidana Gummi shekara tara da suka wuce, lissafi yake koyarwa, ni kuma ina gida da ƴaƴanmu uku. Ba zan faɗi sunana ba, ko da yake ɓoyewar ba ta da wani amfani, don daga Anka har Gummi irin motar nan ɗaya ce tak. Wani Bature da ya yi aikin shinkafa a fadama ne ya bar masa ita da zai koma gida. Ja ce, kujera biyu, ba ta da rufi sai tamfol, ta kuma girmi aurenmu nesa ba kusa ba. Cikinta kusan a ƙasa yake, ko kaza sai ta sunkuya kafin ta shige. Mu biyar ne a gidan, Inna, kujera biyu. Amma ya yi mata rumfar kwano kusa da madafata, wai gareji, duk Asabar yana can da sifana yana mata magana kamar mutum.

Ban taɓa hana shi ba. Ba ya shan giya, ba ya yawo, motar nan ce kaɗai abin shaƙatawarsa. Sai a bazarar nan, wata Asabar, ya ɗaga ta da jak ya shige ƙasa, ba abin da ke riƙe da ita sai jak ɗin, shi ma a kan rairayi. Na kawo masa ruwa, ya fito ke nan ya karɓi kofi, jak ya goce, motar ta faɗo daidai inda ƙirjinsa yake. Dariya ya yi, ya ce Allah ya kiyaye. Ni kwana biyu abinci bai shiga bakina ba.

A nan na yi wautar. Ranar Litinin yana makaranta na ɗauke jak ɗin na kai wa maƙwabciyata Hamsatu, ta tura shi cikin rumbunta ƙarƙashin dammunan shinkafa. Da ya tambaya na dube shi ido da ido na ce ban gani ba. A lissafina, in ba jak dole ya haƙura, ko ya kai ta wa makanikai a Gusau.

Ashe ban san mijina ba. Kulocin motar ya mutu, ya ce sai an sauke giyabos ta ƙasa. Sai ya tafi bakin gulbi ya samo Labbo, wani masunci da maigidana yake koyar da ɗiyarsa, suka zo da maza bakwai. Yadda suke ɗaga jirgin ruwa su ɗora a kan itace in za su toshe ɓula, haka suka ciccibi gaban motar suka ɗora a kan turame biyu da aka kife. Labbo har yana kakkaɓe hannu yana cewa, “Malam, wagga mota ai ba ta kai jirgina nauyi ba.” Turmi ɗaya na Hamsatu ne, sabo. Ɗayan nawa ne.

Inna, na san turmin nan kamar tafin hannuna. Ya tsage daga ciki tun bara, har na daina surfe a cikinsa don tsagar tana cinye mini hatsi, gara kuma ta shiga gindinsa. Na faɗa masa, ya ce turmin da ya sha taɓarya shekara tara ba ƴar motar nan ce za ta gagare shi ba. Ga damina ta sauka, rumfar tana yoyo, ƙasan ta jiƙe. Kullum da safe ina zuwa in auna da yatsa, bakin turmin ya riga ya nutse gaɓa ɗaya. Na hana yara zuwa wajen. Kayan gyaran da ya aika a sayo a Kano sun iso, suna ƙarƙashin gado, hutu kawai yake jira.

Yanzu in na fito da jak, ya san na yi masa ƙarya, abin da ban taɓa yi ba a shekara goma sha ɗaya da aurenmu, kuma zai koma kwanciya ƙarƙashin jak ɗin da ya kusa kashe shi. In na yi shiru, turmina ne zai kashe shi, ni na jawo. Ba na iya zare turmin, ba na iya barci, a coci ma ba na jin abin da ake faɗi. Ina son mutumin nan, ba na son in zama gwauruwa a garin da ba ni da kowa. Me zan yi?

Taki cikin damuwa,
Matar Malami, Gummi


Ƴata Matar Malami,

Na sa wasiƙarki a gaba kamar yadda kika roƙa. Tsoronki gaskiya ne, ba rakin mata ba ne. Amma ɓoye jak ɗin kuskure ne, kin kuma ga inda ya kai ku. Mutumin da ke son abu ba a raba shi da shi ta hanyar ɗauke masa kayan aiki, sai dai ya nemo waɗanda suka fi su muni. Shi ma Malam yana da nasa: wanda mota ta faɗo a bayansa ya yi dariya, tsoro ne ya ji ya rasa inda zai sa shi a gaban matarsa. Kada ki ce ya rabu da motar, ba zai ji ba, ba shi kuma da laifi don yana sonta.

Ni ban san mota ba sai shiga, don haka na ɗauki wasiƙarki na je garejin Malam Mainasara, tsohon makanike a nan Sakkwato, na karanta masa. Ya ce jak aikinsa ɗagawa ne kawai, ba a kwanciya ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko na minti ɗaya. Turmi kuma, ko sabo ne, an yi shi don duka daga ciki, ba don ɗaukar nauyi a kife ba. Haka bulo da tubali, ba sa gargaɗi, fashewa kawai suke yi. Labbo ya yi da zuciya ɗaya, amma ba wanda ke kwanciya ƙarƙashin jirgi yana fizgar giyabos.

Ga abin da ya ce a yi. Kada kowa ya taɓa turamen nan da hannu. A sauke motar da jak, an ɗora shi a kan faffaɗan katako mai kauri, kowa yana gefe. A toshe yoyon rumfar, a yi mata daɓen siminti a miƙe. Maigidanki ya samo ƙafafun ƙarfe na ɗora mota wajen masu sayar da kayan gyara a Gusau, ko guntayen katako masu ƙwari, faffaɗa, a jera su a kwance. A sa su ƙarƙashin ƙarfen da jikin motar ke zaune a kai, bayan ya ƙwanƙwasa ya tabbata tsatsa ba ta cinye wurin ba, don tsohuwar mota tana ruɓewa ta ƙasa. A ja birkin hannu, a sa weji gaba da bayan tayoyin da ke ƙasa, a tura tayar safaya ƙarƙashi don ko-ta-kwana. Sannan ya girgiza motar da ƙarfinsa; in ta motsa, bai shiga ba. Kada kuma ya yi aikin shi kaɗai a gida.

Ke kuma, yau ɗin nan ki je rumbun Hamsatu ki ɗauko jak ki ajiye a gabansa. Ki ce ke kika ɓoye, ki faɗi dalili, ki ba shi haƙuri ba tare da kwana-kwana ba. Zai yi fushi, yana da gaskiya, fushin kuma zai wuce. In an sauke motar, ki sa a faskara turmin a gabansa ya ga cikinsa da idonsa.

Sai ki miƙa masa jaridar nan ya karanta wannan. Da zan tashi, Malam Mainasara ya karɓi wasiƙarki da hannun hagu, ya ba ni haƙuri, ya ce na daman bai ƙara ɗaguwa ba shekara goma ke nan. Shi a kan bulo ya ɗora mota, bulon ya fashe ta faɗo masa, kuma noti ɗaya tak ya shiga ɗaurewa.

Allah ya kwantar miki da hankali, ya daidaita tsakaninku, ya sa ki zauna a kujera ta biyun nan Malam yana tuƙi da hannuwansa biyu.

Inna Uwani